Yadda za a hanzarta tantance zangon haruffa a injin regex

Tambaya: Na rubuta ƙaramin injin regex, wato mai neman rubutun da ya dace da wani tsari, da harshen C. Idan ya zo kan rukuni irin [a-zA-Z0-9ɓɗƙƴ], yakan bi zangunan ɗaya bayan ɗaya a kan kowane harafi, kuma yana jan ƙafa a manyan fayiloli. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, aikin da ya kamata a yi sau ɗaya lokacin harhaɗa tsarin ne kake maimaitawa a kan kowane harafi. Tun a wajen harhaɗawa ka jera zangunan daga ƙarami zuwa babba, ka haɗe waɗanda suka hau juna ko suke maƙwabtaka: [a-fd-k] ya koma [a-k]. Idan akwai alamar ^ ta kore, a nan ma za ka juya zangunan, a wuce wurin.

Haruffan da lambarsu ba ta kai 256 ba, yi musu taswirar bit: bit 256, wato bayit 32 kacal, kamar yadda injin regex na PCRE ke yi. Gwajin layi ɗaya ne, `t[c >> 3] & (1 << (c & 7))`, inda t ce taswirar, c kuma lambar harafin, komai yawan zangunan. In zango ɗaya ne tak, kamar [a-z], `(unsigned)(c - 'a') <= 25` ya wadatar.

Sai dai kada ka faɗaɗa taswirar ta cinye Unicode duka. Gurabensa 1,114,112 ne, kowane rukuni zai ci bayit 139,264, ma'ajiyar kusa ta firosesa ta cika, saurin da kake nema ya gudu. Abin da ya haura 255, kamar ƙ (U+0199) da ɗ (U+0257), bar shi a jeren nan, ka neme shi ta hanyar raba jeren biyu-biyu. Injin regex na harshen Go ma yakan bi zanguna a jere in ba su wuce 4 ba, sai sun fi haka yake rabawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rikita bayit da harafi. A UTF-8, wato tsarin rubuta haruffan Unicode da bayit, ƙ bayit biyu ce, C6 99, ɗ kuma C9 97. Ka zuba waɗannan a taswira ɗaya, injin zai karɓi C9 99, wadda ə ce, ba ta cikin rukuninka. Ko dai ka fara warware harafin, ko ka mayar da zangunan jerin bayit-bayit a cikin injin kansa, irin na injin regex ɗin RE2. Sannan `char` a C yakan iya ɗaukar lamba ƙasa da sifili: C6 ta zama -58, ka karanta abin da ke waje da taswirar. Mayar da shi `unsigned char`.

In kana watsi da bambancin babban baƙi da ƙarami, faɗaɗa rukunin tun wajen harhaɗawa: Ƙ (U+0198) ta shiga tare da ƙ, alamar Kelvin (U+212A) kuma ta shiga tare da k.