Zuwa Sansanin Motsa Jiki a Ƙasar Waje: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Bukoki, nan Yamai, shekarata 44, nauyina kilo 103. Na ga tallar wani sansanin damben Tailan a Facebook, wai cikin mako biyu mutum zai zubar da kilo 8. Rabona da gudu tun ina makaranta. In biya in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara da lissafi, tunda sana'arka ce. Kilo guda na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kilo 8 ke nan kalori 61,600, wato sai jikinka ya ci bashin kalori 4,400 kullum har kwana 14. Ba mai yin wannan ya tsaya da ƙafarsa. Abin da sikeli ke nunawa a makon farko galibi ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Ka dawo gida ka ci tuwo kwana uku, ruwan ya koma mazauninsa. Kitse na gaske, in an yi ƙoƙari, kilo 1 zuwa 2.

Abin da ya fi damun mu ba kuɗinka ba ne, ƙodarka ce. A sansanonin tsibirin Fuket na Tailan, irin waɗanda ke jere a titin Soi Ta-iad, an saba horo sau biyu a rana, safe da yamma, kowanne wajen awa biyu, Litinin zuwa Asabar. Jikin da bai saba ba, in aka ɗora masa wannan a kwanakin farko, tsoka tana iya farfashewa ta zubar da abin cikinta a jini, ya je ya toshe ƙoda. Ga alamun: a rana ta biyu ko ta uku cinya ko dantse ya kumbura ya yi tauri, hannu ya ƙi miƙewa, fitsari ya ragu ya koma kalar shayin da ya daɗe a wuta. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, a auna CPK, wato sinadarin da ke nuna farfashewar tsoka, a jininsa, a sa masa ruwa. Kuma kada ka kuskura ka danne ciwon da diclofenac ko ibuprofen; su da ƙarancin ruwa ne ke haɗuwa su ƙarasa ƙodar.

Za ka ce ai kai ɗan Yamai ne, ka san zafin Afrilu. Namu busasshe ne, gumi na fita iska na kwashe shi, jiki ya huce. Can iskar jiƙe take, gumin zuba kawai yake yi ba ya sanyaya komai, kuma jiki na bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ka hau sikeli kafin horo da bayansa: kowane kilo da ya ɓace, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, da ɗan gishiri a abinci.

Shawararmu ka ɗaga tafiyar da mako takwas. Ka ga likita tukuna, a duba hawan jini, sukari da bugun zuciya. Mako biyun farko, tafiya mai sauri ta minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako. Harabar filin wasa na Seyni Kountché ta isa. Daga mako na uku ka haɗa gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau goma, da tsugunna-tashi da danna ƙasa sau biyu a mako. Ranar da ka iya gudun minti 20 ba tsayawa, to ka sayi tikiti. Can ma, kwana huɗun farko zama ɗaya a rana, ko mai horarwa ya yi maka dariya.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 yana gudun dogon zango a nan Tawa, ya nace sai Iten ta Kenya. Jininsa AS ne. Akwai matsala?

Amsa: Hajiya, madalla da kika ambaci jinin, don da yawa ba su ma san nasu ba. Iten tana kan tudu mai tsayin mita 2,400, Tawa kuwa ba ta kai 400 ba. A can kowane numfashi iskar da yake kaiwa jini ta ragu. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta gefe ɗaya kawai, lafiyarsa lau a zaman yau da kullum, amma in tudu, gudu mai tsanani da ƙishirwa suka haɗu, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, musamman na saifa. Ciwo mai soka a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko ƙafafu su mutu ana cikin gudu, to a tsaya nan take. Kafin komai ya je cibiyar sikila ta ƙasa a Yamai, likita ya yanke. In an yarje masa, Ifran ta Maroko, mai mita 1,650 ko kusa, ta fi sauƙi a matsayin farko, sai dai da hunturu ƙanƙara take sauka. A auna masa sinadarin ƙarfe a jini ma, domin in babu shi, jiki ba zai ƙera sabon jinin da ake hawa tudu dominsa ba. Kuma ƙasa da mako uku ba ya biyan kuɗin jirgi.

Tambaya: Me zan tabbatar kafin in tura kuɗin kafin alkalami?

Amsa: Fasfo ya kasance da sauran wata shida, katin rigakafin shawara yana hannu, biza kuma a tambayi ofishin jakadancin ƙasar, ba mai talla ba. Inshorar tafiya da yawa ba ta ɗaukar raunin dambe, sai a karanta wannan layin da kyau. A sa su rubuto abin da farashin ya ƙunsa: ɗaki, abinci sau nawa, na halal ne ko a'a, ɗauko mutum daga filin jirgi, da nawa ake mayarwa in an fasa. Mata su tambayi ko akwai ajin mata zalla. In da yuro aka rubuta kuɗin, a ninka da 656: yuro 900 ya haura jika 590, ban da tikiti.