Gas a mota, fataucin gawayi da firizar sola: amsoshin wannan mako

Tambaya: Ni direban tasi ne a Kaduna, kuɗin mai ya cinye mini riba. Wani makanike ya ce zai mayar mini da mota ta koma shan gas a rabin kuɗin da cibiyoyin da aka amince da su ke karɓa, da tukunyar da shi zai haɗa. In yarda?

Malam direba, kada ka yarda. Araha ba ta ado, balle a abin da za ka ɗauki rayukan mutane a kansa.

Na san abin da ya kai ka nan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Gwamnati ta fito da shirin CNG ne, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya domin mota ta sha maimakon fetur, saboda ƙasar na da iskar gas jingim, kuma tun a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙi mai ɗumama duniya. Wannan lissafinsu ne. Kai naka lissafin a but ɗin motarka yake.

CNG ba gas ɗin girki ba ne. Ana matse shi da ƙarfin da ya ninka na tukunyar kicin fiye da sau goma, shi ya sa tukunyarsa ke da kauri da nauyi, kuma ba a yi mata walda. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo ana cikin ɗura mata, aka gano tukunyar haɗin gida ce. Abin da makanikenka ke yi maka talla ke nan.

Idan za ka yi, je cibiyar da ke da rajista. Kafin nan kuma ka tafi da ƙafarka gidan gas mafi kusa da hanyarka, safe da yamma, ka ga tsawon layi. Awa biyu a layi lodi biyu ne suka wuce ka. An ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020, amma kada ka gina kasuwarka a kan bututu, gina ta a kan famfon da ka gani yana zuba. Ka tuna kuma tukunyar za ta cinye maka but: fasinja mai buhun masara a tashar Kawo zai leƙa, ya girgiza kai, ya nufi motar baya. Rasit da takardar shaidar aikin su zauna cikin takardun mota. Ranar da ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ya ce buɗe but, takarda ce za ta yi maka magana.

Tambaya: Na yi ritaya, an biya ni kuɗin sallama. Ina so in riƙa sayo gawayi daga daji ina kawowa Kano, tunda kowa ya koma kurfoti. Me ka gani?

Baba, ciniki kam akwai shi. Duk lokacin da kilon gas ya tashi, matan gida sukan kakkaɓe kurfoti. Sai dai kuɗin sallama sau ɗaya ake biyan mutum, wannan sana'a kuwa doka ta sa mata ido. Wasu jihohin Arewa sun haramta sare itatuwa domin ƙona gawayi, kuma ma'aikatan gandun daji da 'yan sanda na kama motocin da suka yi lodi. Mota guda aka ƙwace maka, jarin wata uku ya tafi. Wanda bai gamu da kamu ba, na goro a kowane shinge ya rage masa riba.

Ba na ganin laifin dokar a kanta. Gawayin da ake rububi na ƙirya ne da marke da kaɗanya, itatuwan da sai sun shekara da shekaru kafin su zama abin kallo, a yankin da tun 2015 aka kafa hukuma guda domin shinge hamada da bishiyoyi a jihohi 11. Inda nake ganin gazawa shi ne a hana gawayi ba tare da an sauƙaƙa wa uwargida abin da za ta ɗora tukunya a kai ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ake kamawa, buƙatar kuma tana nan.

Shawarata, ka sayar da abin da ke rage cin gawayin: murhu mai tsimi, wanda aka shafe cikinsa da yumɓu yana riƙe zafi, ko curarren gawayi da ake yi da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Ɓuntu ba ya wuya a ƙasar Kura. Fara da kaɗan, ka ba mai ƙosai da mai shayi su gwada. In kuwa ka dage sai na daji, ka fara zuwa ofishin gandun daji na jihar da za ka ɗauko, ka nemi izini a rubuce.

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun aya a Zariya. Janareta zan ƙara saya ko sola?

'Yar'uwa, sola, in hali ya kai. Ba ki manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, ƙanƙara ta zama zinariya. Masu layin Band A kuma, wato rukunin da aka yi wa alƙawarin samun wuta mafi yawan awanni a rana, a Afrilun 2024 kuɗin yunit ya tashi daga naira 68 zuwa sama da 200.

Kada ki fara da sayen farantin sola. Fara da firizar: tsohuwar Belgium ta fi sabuwa mai inbata zuƙar wuta, kuma akwai waɗanda aka ƙera don sola kai tsaye. Batir shi ne mai tsada, don haka ki bar firizar ta yi aiki da rana ta daskare, da dare ki rage buɗe ta. Batirin litiyom ya fi na ruwa tsada amma ya fi shi daɗewa, na ruwan kuwa in ana tatse shi ƙasa da rabi kullum ba ya jimawa. Ki sa mai haɗawa ya rubuta miki garanti. Lokacin hunturu kuma ki sa yaro ya riƙa goge farantan da tsumma mai laushi da sassafe, kafin su ɗau zafi, don ƙura kaɗai kan sa ki zata batir ne ya mutu.