Inna Ta Haura 70, Za a Iya Dasa Mata Haƙori?

Tambaya: Likita, turamen mahaifiyata na ƙasa sun zube, goro ma sai an goga mata. Haƙoran robar da aka yi mata zamewa suke yi. Na ji ana dasa haƙori da kwamfuta, ko shekarunta sun wuce? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Shekaru ba sa hanawa, ƙashin muƙamuƙi ake dubawa. Kwamfuta kuma ba ita ke dasawa ba. Hoton muƙamuƙin ake ɗauka, a ga kaurin ƙashi da inda jijiya ta bi, a tsara mazaunin kowace ƙusa (wadda ake kafawa a ƙashi don ta riƙe haƙori) a allo kafin likita ya taɓa dasashi. Ƙusar ta ƙarfen titaniyom ce, takan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya kama ta. Sau da yawa ƙusa 2 a ƙasa sun isa su riƙe haƙoran roba, ba sai an dasa baki duka ba, kuɗin ma ya fi sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon suga. In tana da shi, sai ya daidaita tukuna. Ku kai ta sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku tafi da duk magungunan da take sha.