Tambayi Likita: Ƙura, Zafi da Saran Maciji a Turbobin Hamadar Amurka

Tambayoyin wannan makon kusan duk daga 'yan'uwanmu mazauna Nevada da Arizona da Utah suka fito, inda hawan babur mai ƙafa huɗu a hamada ya zama abin shaƙatawar ƙarshen mako har a wajen Hausawa.

Likita, turbar da muke hawa a bayan unguwarmu a Las Vegas an kewaye ta da waya, ana gina gidaje. Yanzu sai mun yi tafiyar awa biyu kafin mu sami inda za mu hau. Wai da gaske gwamnati sayar da hamadar take yi? Kuma akwai wata illa ga lafiya a tafiya nesa?

Malam, ba yau aka fara ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Nevada mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma tun 1998 akwai dokar da ta ba BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, damar yin gwanjon filayen da ke kewaye da Las Vegas. Garin yana faɗaɗa, fili yana komawa hannun masu gine-gine, turba tana mutuwa. A watan Yunin 2025 ma Sanata Mike Lee na Utah ya kawo shawarar a sayar da eka sama da miliyan biyu a jihohin yamma, amma mafarauta da masunta da mahaya irinku suka yi masa ca, ya janye ta a ƙarshen watan. Siyasar wannan ba fannina ba ce. Abin da ya dame ni shi ne awa biyun nan. A da idan ka faɗi, cikin minti ashirin kana asibiti. Yanzu kana inda waya ba ta kamawa. Kada ka tafi kai kaɗai, ka faɗa wa iyalinka ainihin inda za ka da lokacin dawowarka, kuma a cikinku a sami mai na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna da ita.

Ɗana mai shekara 11 ya dame ni sai na bar shi ya tuƙa babur ɗin babansa. Ya iya keke sosai.

A'a, Hajiya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada yaron da bai kai 16 ba ya tuƙa shi. Keke idan ya faɗi a gefe yake faɗuwa, wannan kuwa kan yaron yake kifewa da nauyinsa duka. Ki bar shi ya yi fushinsa.

Sati uku ke nan ina tari da gajiya da zufar dare tun da muka dawo daga hawa kusa da Phoenix. Na sha antibayotik da aka kawo mini daga gida, na sha zuma da citta da habbatussauda, shiru. Ina tsoron tarin fuka ne.

Ɗan'uwa, ka je asibiti cikin makon nan, ka ce a yi maka gwajin jini na cutar da likitocin nan ke kira Valley fever. Ka ambaci sunan da bakinka, ka kuma ce ka shaƙi ƙura a Arizona, don likitan da bai saba da ita ba yana iya ɗaukar ta a matsayin ciwon huhu na yau da kullum. Wani fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, da ke zaune a cikin busasshiyar ƙasa. Tayar babur ta tono shi, na bayanka ya shaƙa. Alamun sukan bayyana tsakanin mako ɗaya zuwa uku. Mafi yawan masu kamuwa da ita a Amurka a Arizona suke, sai Kalifoniya. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum, amma a gwada ka har da tarin fukan, tunda alamunsu sun yi kama.

Antibayotik ba ya taɓa fangas ko kaɗan, don haka ka daina sha. Zuma da citta za su lallashi maƙogwaro, iyakarsu ke nan. Mutane da yawa suna warkewa da kansu, amma mu baƙaƙen fata muna cikin waɗanda cutar ta fi saurin fita daga huhunsu ta shiga ƙashi ko fata ko rufin ƙwaƙwalwa, haka masu ciwon suga da mata masu ciki. Idan ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya ya zo maka, kada ka jira ranar ganin likita, sashen gaggawa za ka nufa a daren.

Ƙurar hamada dai ba irin ta harmatan da muka sani kaɗai ba ce. A 2008 an rufe filin hawa na Clear Creek a Kalifoniya saboda asbestos, ma'adinin da ke lalata huhu, da ke cikin ƙasarsa, kuma an gano sinadarin asenik mai guba a ƙurar filin hawa na Nellis Dunes da ke gefen Las Vegas. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare irin wannan. Takunkumin N95 ya fi, kuma ka bar tazara tsakaninka da na gabanka.

Tunda yanzu muna shiga can cikin jeji, na sa an aiko mini da baƙin dutsen maciji daga gida, na haɗa da reza da igiyar roba a jakata. Wani abokinmu kuma ya ce idan aka jona wayar filogin babur a wurin saran, lantarkin yana ƙona dafin. Wanne ya fi?

Innalillahi. Malam, babu wanda ya fi, kuma ina roƙonka ka fitar da su duka daga jakar nan yau.

Na san ba wauta ce ta sa ka yi haka ba. Kusan kowannenmu ya taɓa jin labarin wanda maciji ya sara a gona, aka tsaga, aka ɗora dutse, ya tashi garau. Ga abin da ya faru da shi. Macijin da ke da dafi ba kullum yake zuba dafin ba. A cikin sara huɗu ko biyar, ɗaya yakan zo babu dafi. Wasu macizan kuma ba su da shi tun asali. Irin waɗannan mutanen ko ruwan randa aka shafa musu za su warke, sai dutse ya kwashe yabo. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai, aka zauna da shi a gida jini yana fita ta dasashinsa, ba ya nan balle ya ba da nasa labarin. Ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo sun san irin halin da ake kawo musu mutane bayan an ɓata kwana biyu a kan dutse.

Macijin da za ka haɗu da shi a nan shi ne mai ƙararrawa a wutsiya. Haƙoransa suna kai dafin can cikin nama, cikin 'yan mintuna ya bazu, babu dutse ko baki ko famfon tsotsa da zai dawo da shi. Dafin yana cin nama, yana kuma hana jini daskarewa. To ka duba: mutumin da jininsa ya daina daskarewa, kai kuma ka sa masa reza, a wurin da asibiti yake da nisan awa biyu. Igiyar robar kuwa tana tare dafin wuri guda ya cinye naman wurin, tana kuma hana jini isa ga ƙafar. Da ita ake mayar da ƙafar da za ta warke ta zama wadda za a yanke. Maganar lantarki ma ba na son maimaita ta. An gwada, ba ya rage dafi, ƙuna kawai yake ƙara wa mai ciwo. Ka gaya wa abokin naka likita ya ce ya bar filogi a jikin babur.

Abin yi kaɗan ne. Ku matsa daga inda macijin yake, kada ku tsaya kashe shi, don kansa yana iya sara ko bayan an datse shi. A kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su. A zana iyakar kumburin da biro, a rubuta lokaci. Wanda aka sara ya zauna a natse, wani ya tuƙa shi, kada ya tuƙa kansa. Ban da ƙanƙara, ban da asfirin ko ibuprofen, don suna ƙara zubar jini. Kuma ko bai ji zafi sosai ba a tafi asibiti: wani nau'in da ke hamadar Mojave dafinsa jijiyoyi yake kamawa, kumburin kaɗan ne, sai daga baya numfashi ya fara wuya.

A Amurka macizai masu dafi suna saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, waɗanda ke mutuwa kuwa wajen biyar ne. Allurar kashe dafi da saurin isa asibiti ne suka kawo haka. Kada kuma wani ya ce zai taho da allurar daga gida. Wadda aka yi don kububuwa ba ta aiki a kan macijin nan. Na san tsoron kuɗin asibiti yana sa wasunmu jinkiri. Dokar ƙasar nan ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba ka ya ceto ka ko kana da inshora ko babu. A je, a yi rigimar kuɗin daga baya da ƙafa biyu.

Zan iya hawa da rana ina azumi?

Idan lokacin zafi ne, kar ka yi. Ka bari sai bayan salla. Wanda kuka ga ya rikice ko yana sambatu a rana, ku kai shi inuwa, ku kwarara masa ruwa a jiki, ku kira 911. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Mijina ya faɗo daga babur jiya, babu hular kwano a kansa. Ya ɗan suma ya farfaɗo, ya ce lafiyarsa ƙalau. Yau ya yi amai sau biyu, yana ta barci. Na shafa masa man zafi.

Baiwar Allah, ki ajiye wayar nan ki kai shi sashen gaggawa yanzu, kada ya tuƙa. Idan ya yi wuyar tashi daga barcin ko yana ciwon wuya, kada ki ɗaga shi, ki kira 911. Suma da amai da yawan barci bayan buguwar kai suna iya nufin jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma mutum yakan yi sa'o'i yana hira kamar ba komai kafin ya faɗi. Hoton kai kaɗai zai nuna. Ki gaya musu ƙarfe nawa ya faɗi, da ko yana shan maganin tsinka jini.