Amsa kan gwajin jinin bakkale ga mahauta da masu kiwo

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka a kan ƙanenka mahauci da zazzaɓi ya ƙi saki wata biyu ke nan, an yi maganin maleriya sau biyu, an yi na taifod, yanzu kuma wani ya ce a gwada jininsa ko bakkale ce, wato cutar nan da ke sa shanu ɓari, da mutum ke ɗauka daga dabba. Allah ya ba shi lafiya. Ni malamin dabbobi ne, ba likitan mutane ba, amma na daɗe tsakanin ruga da kwata, kuma wannan cutar ta taɓa kwantar da ni. Wanda ya ba ku shawarar nan bai yi kuskure ba.

Tawa ta faro ne wata damina da aka kira ni ruga bayan isha'i. Saniya ta yi ɓari da cikin wata bakwai, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Safar hannu ta ƙare a jakata, na ce ai ba yau na fara ba, na shafa sabulu na zura hannu, alhali akwai yankan wuƙa a ɗan yatsana. Bayan kamar mako uku sai zazzaɓi. Da safe garau nake, in hau babur in tafi aiki. La'asar na yi sanyi ya rufe ni, cikin dare kuma zufa ta jiƙa riga da matashin kai sharkaf. Na sha maganin maleriya. Aka yi mini Widal aka ce taifod, na sha ƙwayoyi na kwana goma, na ji dama-dama, bayan mako biyu abin ya dawo, wannan karon da ciwon kwankwaso da ko ruku'u sai na dafa bango. Daga baya maraina ɗaya ya kumbura. Na faɗi wannan ne da gangan, don maza da yawa nan suke yin shiru su koma wajen mai maganin gargajiya, alhali babbar alama ce da za ta taimaki likita.

Duk zuwan da na yi asibiti ba wanda ya tambaye ni sana'ata, ni ma ban faɗa ba. Wani dattijon likitan dabbobi ne ya kalle ni a wurin aiki ya ce, kai da kake gwada shanun mutane, ka gwada kanka kuwa? Kunya ta kama ni.

Don haka kafin maganar jini, ƙanenka ya buɗe baki ya gaya wa likita: ni mahauci ne, ina fiɗa, ina taɓa ciki da mahaifar dabba. Idan yana shan nonon da ba a tafasa ba, ko nonon raƙumi ɗanye, ya faɗa. Ku rubuta sunan cutar a takarda yadda likitoci suka san ta, brucellosis, don in ka ce bakkale ba kowane likita zai gane ba, sunan makiyaya ne. Gwajin ba ya cikin waɗanda ake yi wa mai zazzaɓi kai tsaye. Sai an nema.

Na farko da ake yi shi ne Rose Bengal, irin wanda muke yi wa shanu. Ana ɗibar jini a jijiya, a ware ruwansa, a ɗiga a kan farin faranti a haɗa da wani ruwa mai launin hoda, a yi ta jujjuyawa minti huɗu. Idan ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, ya nuna. Yana da sauri da sauƙi, amma tankaɗe ne kawai. Bayansa sai wanda ake kira SAT, inda ake ta sirka ruwan jinin, 1:20, 1:40, 1:80, har sama, a ga inda gudajin zai daina fitowa. Galibi daga 1:160 zuwa sama, tare da alamun ciwo, likita ke ɗaukar maganar da gaske, wasu ma ga mai cuɗanya da dabbobi kullum sun fi son ganin 1:320. Nawa 1:320 ya nuna. Akwai kuma wani gwajin jinin da ake kira ELISA a manyan ɗakunan gwaji.

To ga inda mutanenmu ke ruɗewa, kuma shi ya sa na tsaya rubuta wannan dogon bayani. Duk waɗannan gwaje-gwajen ba ƙwayar cutar suke gani ba, martanin da jiki ya mayar mata suke gani. Sawun ɓarawo ne, ba ɓarawon ba. Sawun kuwa yakan daɗe, watanni har shekaru. Mahaucin da ya shekara ashirin yana fiɗa zai iya nunawa a Rose Bengal yana nan lafiyarsa ƙalau, don jikinsa ya taɓa haɗuwa da ita tun tuni. Na taɓa ganin an zo kwata an ɗebi jinin mahauta don bincike, da sakamako ya fito wasu suka ruga kemis suka sayi magani ba tare da ko ciwon kai ba. Asarar kuɗi ce da wahalar da hanta. Haka kuma wasu ƙwayoyin cutar ciki, har da ta kwalara, kan sa gwajin ya nuna alhali ba bakkale ba ce.

Ta ɗaya gefen, idan an yi gwajin da wuri, a makon farko na zazzaɓi, yana iya fitowa babu komai don jiki bai gama mayar da martani ba. Shi ya sa ake maimaitawa bayan mako biyu zuwa huɗu, a ga ko lambar ta hau. Ƙanenka da ya yi wata biyu ya wuce wannan matakin, in ita ce da wuya ta ɓuya.

Wanda ke kama ɓarawon da kansa shi ne shuka jini, wato a zuba jinin a kwalba a jira ƙwayar ta tsiro. Tana da nawa, takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma ga wanda ya riga ya sha magungunan taifod irin ƙanenka tana iya ƙin fitowa ko da tana nan. Idan za a yi, don Allah a rubuta a takardar cewa ana zargin wannan cutar. Ma'aikatan ɗakin gwaji na kamuwa da ita ta iska idan suka buɗe faranti ba su sani ba. Haƙƙinsu ne a gaya musu.

Game da inda za ku je, ni dai ban yarda da ƙananan ɗakunan gwajin bakin titi ba a wannan harka. Wasu na da 'yan kwalabe da ke zuwa a kwali ɗaya da na Widal, sukan nuna cutar ga wanda ba shi da ita. Ku fara da asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa da ku, ku tambaya ko suna yi ko ina suke turawa. Jinin dabba kuwa hanyarsa daban: cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, ko tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Ku roƙi likita ya duba tarin fuka ma. Dogon zazzaɓi, zufar dare da rama duk alamun tarin fuka ne ma, mahauta kuma na haɗuwa da tarin fukan shanu. Akwai wani dalilin: rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan bakkale, shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, in aka ba mai tarin fuka shi ba bisa tsari ba cutarsa na iya gagarar magani. Saboda haka wasu likitoci suka fi son haɗa ɗaya maganin, doksisaikilin, da allura maimakon rifamfisin.

Maganin iri biyu ne a haɗe, na mako shida cur, don ƙwayar cikin ƙwayoyin jikin mutum take laɓewa. A kwana na goma za ka ji kamar ka warke, kuma a nan ne mutane ke ajiyewa. Wani abokin aikina ya tsaya a mako na uku, bayan wata huɗu ta dawo masa a gadon baya, sai da ya yi wata uku yana shan magani. Ni rifamfisin aka ba ni, fitsarina ya koma ja-ja, maiɗakina ta tsorata, ashe launin maganin ne. Mai ciki da ƙananan yara ba a ba su doksisaikilin, suna da nasu haɗin, don haka kada wani ya kwafi takardar wani. Bayan an gama kuma kada ya koma gwaji ya ga har yanzu yana nunawa ya ce bai warke ba. Nawa ya fi shekara yana nunawa ina aikina lafiya.

Iyalinsa su kwantar da hankali, da wuya ƙwarai ta tashi daga mutum zuwa mutum, ba sai an ware masa kwano ba. Amma in ƙwaryar nono ɗaya suke sha, duk wanda ya fara zazzaɓi a gidan a kai shi, musamman mai juna biyu, don tana jawo ɓari. Tsamin nono ba ya ba da tabbacin kashe ta, tafasawa ce ke kashewa. Mutum ba shi da rigakafi. Shanu ne ke da allurar rigakafin S19 da ake yi a Vom, ita ma ƙwaya mai rai ce a cikinta, in allurar ta soki mai yi tana iya sa masa ciwon.

In ya koma kwata, ya daina riƙe wuƙa da haƙori, ya rufe duk wani rauni kafin ya fara, kuma idan an yanka saniya aka tarar da ciki kada ya fasa mahaifar da hannu tsirara, a nan ƙwayar ta fi taruwa.

Ka ɗan ƙara mana bayani: fiɗa yake yi ko sayarwa kawai a teburi? Akwai ciwon baya ko kumburin gaba? Kuma wane gari kuke, ko a samu wanda ya san inda ake gwajin kusa da ku.