Me tau da 'yan uwansa ke yi wa maikurotubul a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun likita a aji biyu. An ce mana furotin ɗin tubulin yana iya haɗa kansa ya zama maikurotubul. To in haka ne, mene ne amfanin su tau da MAP2? Kuma ina alaƙar tau da cutar Alzheimer?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Tubulin, kamar yadda sunan ya yi kama da tubali, shi ne tubalin ginin. Guda biyu ne manne da juna, alfa da beta, suna jeruwa su yi zare, zaruruwa 13 su kewaya su zama siririn bututu mai faɗin nanomita 25, wato maikurotubul. Gaskiya ne yana iya haɗuwa da kansa, sai dai ginin ba ya zama lafiya. Bututun yana cikin tsawo, kwatsam sai ya fara warwarewa daga baki, can kuma ya farfaɗo. Tim Mitchison da Marc Kirschner ne suka bayyana wannan hali a 1984.

Ga ƙwayar da ke rabuwa kullum, wannan rashin zaman yana da amfani. Amma ki dubi ƙwayar jijiya. Akwai wadda wutsiyarta, wato akzon, ke tashi daga laka ta sauka har ƙafa, kusan mita guda, kuma maikurotubul ne titin da injinan kinesin da dainin ke jigilar kaya a kai. Titin da ke rushewa kowane minti ba ya kai kaya gida.

Yadda aka gano su tau da MAP2, furotin ɗin da ke manne wa bututun, zai haska miki aikinsu. Ana niƙa ƙwaƙwalwar alade ko saniya, a sanyaya ruwan sai bututan su watse, a ɗumama zuwa digiri 37 tare da GTP, sinadarin da tubulin ke buƙata kafin ya haɗu, sai su sake haɗuwa. Ko sau nawa aka maimaita, wasu furotin na biye da tubulin kamar jela. Da aka tsame su, tubulin ya yi nawar haɗuwa. Da aka mayar, ginin ya tashi. Ta haka aka gano tau a 1975, a ɗakin binciken Kirschner da ke jami'ar Princeton ta Amurka.

Tau na kwanciya ne a bayan bututun, ya kama tubali da yawa lokaci guda, kamar igiyar da ake ɗaure darni da ita. Sai ya zama ko tubulin ɗin bai yi yawa ba ginin zai fara, kuma warwarewar ta ragu. Shi tau ya fi yawa a akzon, MAP2 kuwa a rassan da ke karɓar saƙo. Kowannensu yana da hannu da ke miƙewa waje, na MAP2 ya fi tsawo, shi ya sa bututan rassan suka fi tazara tsakaninsu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, wannan kamun ana iya sassauta shi. Sashen tau da ke kamawa cajinsa fozitif ne, bayan tubulin kuwa negatif. Idan wasu enzayim irin su GSK-3 da CDK5 suka liƙa wa tau fosfat, cajin ya sauya, sai ya saki. A jiki mai lafiya haka ake so, don ƙwayar ta samu damar gyara rassanta.

A cutar Alzheimer fosfat ɗin ne ke wuce kima. Tau ya bar bututun, ya cukuikuye da ɗan uwansa tau, ya zama curin zaren da likita Alois Alzheimer ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciya a 1906, ko da yake sai tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar da tau ne a ciki. A 1998 kuma aka samu iyalan da canji a ƙwayar halittar MAPT, wadda ke samar da tau, da ke kan kuromosom na 17, ke haddasa musu wani nau'in gigin tsufa na gado.

Kada dai ki rubuta a jarrabawa cewa in babu tau komai ya rushe. Ɓerayen da aka cire wa shi a 1994 sun rayu, ƙwaƙwalwarsu kusan lafiya lau, wasu furotin irin su MAP1A sun cike gurbin. Wannan ne ya sa masana da dama ke ganin curin tau ɗin kansa guba ne ga ƙwayar, ban da asarar da bututun ya yi.