Hanyar intanet na rawa: wa ke biyan kuɗin?

Tambaya: Malam, ina da shagon wifi a Tawa. Rezo na cike, amma sai shafi ya tsaya cak, bayan minti biyu ya dawo. An ce mini hanya ce ta sauya. Wace hanya, kuma asarar a kan wa take?

Amsa: Ɗan'uwa, cikar rezo tsakaninka da eriya ne kawai. Nijar ba ta da teku, saƙonka sai ya bi wayar fiba ta maƙwabta, kamar ta Kwatano, kafin ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Kamfanonin da ke kan hanyar suna sanar da juna inda kowace hanya ke kaiwa da wani tsari mai suna BGP, kamar 'yan kamasho a tasha: "Kwanni ta nan!" In waya ta riƙa yankewa tana dawowa, kowace rawa sai an janye sanarwa an sake ta, na'urorin kamfanoni masu nisa su sake lissafi. Minti biyunka ke nan.

Zancen kuɗi ya fi daɗi. Kamfanoni masu ƙarfi ɗaya kan yi musayar kaya, wato saƙonnin intanet, kyauta, ƙarami kuwa biyan babba yake ya fitar da shi duniya. Yawanci kuma ba a ƙirga mega kamar forfenka. Ana auna nauyin hanya kowane minti 5, a ƙarshen wata a zubar da kashi 5 cikin 100 mafi nauyi, a yi farashi da mafi nauyi cikin abin da ya rage. Kashi 5 ɗin nan awa 36 ne a watan kwana 30. To, in hanya mai sauƙi ta mutu, kaya suka koma ta ko-ta-kwana mai tsada har suka wuce awa 36, kuɗin da ƙaramin kamfani zai biya na watan gaba ɗaya ya hau. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin ruwa na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma: gyaran makonni ya ɗauka.

Abin da ke ba ni haushi, ba a cajin kowa kuɗin yawan sanarwa. Kamfanin da hanyarsa ke rawa, sai dai maƙwabta su yi watsi da hanyarsa na ɗan lokaci. Kai kuwa ka biya ta farashin forfe, ka kuma biya da masu sayen tikitin wifi da suka tashi. Kafin ka sabunta kwangila, tambayi masu ba ka intanet ƙofa nawa suke fita da ita daga ƙasa, kuma ka riƙe layi na biyu na kamfanin da ba waya ɗaya suke bi ba.